Sharhi: Baƙon da ya zo cin rani ya zauna

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi baƙi 'yan ƙasashen waje da ke zaune a ƙananan ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Akasarinsu mutanen Jamhuriyar Nijar ne daga yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka saba zuwa cin rani bayan girbi, su yi ga-ruwa ko gadi ko ƙwadago a fadamun rake da tumatir, da faɗuwar damina su koma gida. Tun farin 1973 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobin Buzaye, wasu daga cikinsu suka daina komawa.

Ƙasar Zazzau tana da tsohon tsarinta na karɓar baƙo. Idan ya iso, zauren wani magidanci yake sauka, mai masaukin nan ya kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, daga ranar kuma duk abin da baƙon ya aikata, mai masauki za a fara tambaya. Sai a ba shi aron gona, bayan girbi ya kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu na dawa don kada a manta asalin mallaka. Ranar gayya ya ɗauki garmarsa ya bi sahu, idan an yi rasuwa a gan shi wajen haƙa kabari, ranar suna a aika masa da goronsa. Kafin a ankara ya nemi aure a garin, 'ya'yansa sun tashi ba su san wani gida ba sai wannan.

Turawan mulkin mallaka sun bi wata hanya dabam bayan isowar jirgin ƙasa, inda suka ware wa baƙi Sabon Gari da Tudun Wada a wajen ganuwa. Wataƙila birni ya iya ɗaukar irin wannan rabuwa, amma ƙauyen da ke da masallacin Juma'a ɗaya da kasuwa ɗaya ba zai iya ba.

Abin da ya raunana tsohon tsarin a yau shi ne tsoro. Bayan hare-haren 'yan bindiga a ƙaramar hukumar Giwa da maƙwabtanta, magidanci yana shakkar saukar da wanda bai sani ba, don kada gobe a ce infoma ya ajiye. Wannan tsoro yana da dalili. Sai dai a ganinmu, baƙon da aka bari ya kafa bukka a bakin fadama, ba mai masauki, ba wanda ya san sunan mahaifinsa ko garinsu, ya fi zama abin damuwa a kan wanda ake sallar asuba da shi kullum.

Batun takardu ma ya taso. Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan yankin damar shigowa ba biza har kwana 90, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka ya kamata dagatai su ƙarfafa wa baƙinsu zuwa ofishin hukumar shige da fice su daidaita zamansu, su kuma riƙe littafin da ke ɗauke da sunan kowane baƙo da na wanda ya tsaya masa.

Haka nan aron gona na baka ya daina wadatarwa, domin rigima takan tashi ne bayan dattawan da suka ƙulla maganar sun rasu, magada su ce aro ne, 'ya'yan baƙo su ce kyauta ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi, don haka a rubuta yarjejeniyar a gaban dagaci da shaidu, a fayyace iyakar gonar da shekarun aron, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, a kuma ajiye ɗaya a ofishin hakimi.