Ruwan Tiga: Wa Ya Sha, Wa Ya Biya?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya yi sammako a Kano a tsakiyar bazara ya san abin da zan faɗa. Tun kafin gari ya gama wayewa 'yan garuwa sun yi layi a bakin rijiyar burtsatse, kowa da kurarsa cike da jarkoki, janareta na ta ruri. Uwar gida ta leƙo daga zaure ta ce, "Mai ruwa, yau kuma nawa jarka?" Ya share gumi ya ce, "Hajiya, ai kin san mai ya ƙara kuɗi." Ta ƙirga abin da ke hannunta, ta rage jarka biyu daga cikin waɗanda ta saba saye, wanki ya koma jibi.

Wannan fa a garin da ya san ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka kafa matatar ruwa a Challawa. Garin da gwamna Audu Bako ya gina wa madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974. Aka ƙara da madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye a 1992. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau kuma ta gina sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka tsara za ta riƙa tace lita miliyan 150 a kullum. Kuɗi dai an kashe, ba kaɗan ba. To me ya sa har gobe ɗan garuwa ne yake yanke wa mutane farashin ruwan da za su sha?

Kada a ce mun rena alheri. Tiga ta zo ne daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gigita ƙasar Hausa, dabbobi suka faɗi, mutane suka yi ƙaura. Kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma yana gudana shekara duka. Wanda ya bi ta Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam a watan sanyi, ya ga alkama da tumatir shimfiɗe iya ganinsa, ya ga manyan motoci suna lodi a Kwanar Gafan za su kudu, ba zai ce aikin banza aka yi ba. Haka kuma duk unguwar da famfo ke zuwa a kai a kai, za ka tarar amai da gudawa ya yi sauƙi, yara mata sun sami zuwa makaranta maimakon yawon neman ruwa. Birni mai miliyoyin mutane ba ya rayuwa da rijiyoyi kaɗai.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen lissafi. Idan za a yi babban aikin ruwa, abin da ake karanta mana shi ne kuɗin kwangila da adadin litar da za a samu a bakin matata. Ranar buɗewa a yanka kyalle, a murɗa famfo, a yi tafi. Amma matata kamar doki ce, sayensa ba shi ne wahala ba, ciyar da shi. Kullum tana cin wutar lantarki, in babu wuta ta ci dizal, tana cin sinadaran tace ruwa, tana buƙatar ma'aikata da kayan gyara da sai an sayo da dala. Sannan ga bututu. Ruwan da aka tace da tsada sai ya bi tsofaffin bututun da suka ruɓe a ƙarƙashin ƙasa, ya tsiyaye a kwata kafin ya isa gidan kowa, sababbin unguwanni kuwa ko bututun ma ba a kai musu ba. Ba wanda ke kiran makaɗa don an sauya bututu, shi ya sa ba a cika sa masa kuɗi ba. Mu ma masu sha, a faɗi gaskiya, da yawanmu muna biyan ɗan garuwa nan take ba gardama, amma takardar kuɗin ruwa sai mu ninke ta mu cusa a ƙarƙashin tabarma.

Akwai kuma wani shafi na lissafin da ba a buɗe shi a Kano kwata-kwata, domin masu biyansa suna nesa. Ruwan da aka tare a Tiga da Challawa, asalinsa gangarawa yake yi ta kogin Haɗeja, ya malale cikin fadamun Haɗeja da Nguru da damina, ya wuce Gashuwa, ya bi Komadugu Yobe har tafkin Chadi. Wannan malalar ita ce rayuwar mutanen can. In ruwa ya hau su kama kifi su noma shinkafa, in ya janye su shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa. Da aka datse kogunan, sai malalar ta ragu, ruwa ya koma ɗan siriri mai gudana rani da damina, wanda shi ne abin da ciyawar kachala ke so. Ta mamaye magudanai ta toshe su. Inda ake son ruwa ya daina zuwa, inda ba a so ya kwanta a gonaki ya ƙi tafiya. Tsuntsayen jan baki suka sami maɓoya a cikinta, suna fitowa su cinye abin da ya rage. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun auna wannan al'amari a shekarun 1990, suka tarar amfanin da ruwa ke bayarwa idan ya malale a fadama ya fi wanda yake bayarwa a manyan gonakin ban ruwa na kusa da madatsun. Masuncin Nguru bai ga wannan takarda ba, amma a komarsa ya karanta sakamakon.

Ga kuma kula da ita kanta madatsar. Madatsar Alau da ke shayar da Maiduguri ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin. Abin da aka ƙi kashewa wajen gyara a hankali, an biya shi ninki ba ninki a dare ɗaya, har da rayuka.

Na ɗauko wannan zance ne saboda maganar madatsar Kafin Zaki, wadda ake son ginawa a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi, ba ta mutu ba. Tun zamanin Shagari ake tayar da ita tana kwantawa. Mutanen Bauchi suna da hujjarsu, suna ganin ruwa na wucewa ta ƙofar gidansu alhali matasansu ba aikin yi. Mutanen Yobe da Borno su ma suna da tasu, domin kogin Jama'are shi ne babban reshen da ya rage ba a ɗaure masa wuya ba, kuma shi ke kai musu mafi yawan ruwan da suke gani. Ni ban ce kada a gina ba. Abin da nake so, kafin a sa hannu a kwangila, a karanta mana takardar duka a gidan rediyo, da Hausa da Kanuri da Fulatanci: nawa za ta ci a shekara bayan an gama ta, daga wace jaka za a fitar, sau nawa za a saki ruwa don fadama, wa ke riƙe da makullin. A kuma ajiye kujera ga mai noman tattasai na Diffa, can tsallaken iyaka a Nijar, domin shi ma daga Komadugu yake ban ruwa.

A huta lafiya.