Mota ta kaɗe ƙanena a Dei-Dei ta tsere: wa zai biya diyya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba kasuwa zan zaga da ku ba, ina zaune ne a ɗakina a Birmingham, da wata magana da ta tsaya mini a rai.

Ƙanena yana sayar da kayan gini a kasuwar Dei-Dei a Abuja. Bayan magariba ya rufe shago, yana tsaye a bakin titin Kubwa yana jiran mota, sai wata ƙaramar mota ta kwaso gudu ta yi sama da shi. Direban ko birki bai taka ba. Masu shayi da 'yan acaɓan wurin ne suka kwashe shi zuwa asibiti, Allah Ya saka musu da alheri. Karaya biyu a ƙafar dama. Wannan ya ce motar baƙa ce, wancan ya ce shuɗiya, lamba kuwa babu wanda ya riƙe.

Da na kira gida, Baffa ya ce mini, "Ɗiyata, ƙaddara ce, mu gode wa Allah da ya tsira da rai." Na ce, "Haka ne Baffa, Allah Ya ƙara girma, amma a taimake ni a je wurin 'yan sanda a rubuta." Ya ce wa za a kai ƙara, tunda ba a san mutumin ba?

To wannan tambayar ce ta sa na kunna kyamara. A nan Ingila akwai hukumar da ake kira MIB, tun 1946 aka kafa ta. Kamfanonin inshorar mota ne ke zuba mata kuɗi daga abin da direbobi ke biya, ita kuma ta biya wanda direba marar inshora ya ji wa rauni, ko wanda aka buge aka gudu. Ana ba mutum shekara 3 ya shigar da buƙatar diyyar rauni. Amma ba da baki ake biya ba. Za su nemi rahoton 'yan sanda da na likita, da shaidar albashin da ka rasa kana kwance.

Mutane da yawa sun ɗauka irin wannan sai ƙasar Turawa. A'a. Dokar inshora ta Najeriya ta 2003 ta yi tanadin biyan wanda direban da ba a gano ba ya kashe ko ya naƙasa. A shekarar 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka mai asusun diyya na waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su. Hukumar da ke kula da inshora, NAICOM, a can Abuja hedikwatarta take. Abin da ke ƙona mini rai, 'yan kasuwarmu suna ganin irin wannan hatsarin a kan titin nan, amma da wuya ka ji wanda ya taɓa jin labarin asusun. Ba na ce kuɗi na jiranka a kan tebur ba, sai ka yi zirga-zirga. Amma wanda ba shi da takarda ko ƙofar ba zai shiga ba.

Shi ya sa na dage kada a ɗauke shi daga asibiti a kai wa mai ɗori, duk da Hajiya ta so haka. Ba raina masu ɗori nake ba, sun yi wa mutanenmu aiki tun kaka da kakanni. Sai dai mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta cewa mota ce ta yi wannan raunin a rana kaza. Yanzu matar ƙanena ta ware wata jakar leda, duk rasit ɗin magani, hoton ƙashi, har na auduga da bandeji, a ciki take zubawa. Yayanmu kuma ya koma wurin mai shayin ya karɓi lambar wayarsa, ya bi shagunan da ke kallon titi yana tambayar ko akwai mai kyamara, domin irin wannan hoton ba ya daɗewa ake goge shi.

Idan a gabanku abin ya faru, ku kira 122, lambar 'yan kiyaye haɗurra, ko 112. Ku dubi lambar motar kafin komai, ko rabinta ne. In aka gano motar, zance ya canza, domin inshorar dole ta naira 15,000 da masu ƙananan motoci ke biya tun 2023 an yi ta ne saboda wanda aka buge.

An karɓi rahoton 'yan sanda, ranar Litinin Yaya zai kai takardun ofishin hukumar NAICOM. Duk abin da aka ce masa zan dawo in gaya muku. Ku sa ƙanena a addu'a, jibi za a shiga da shi tiyata.