Tsufa ma sai an je makaranta?

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Muna nan Katsina, hazon hunturu ya rufe gari har hasumiyar Gobarau da ƙyar ake hango ta, don haka in kun ji tari, Malam Lawal ne. Muna kuma tare da Hajiya Balaraba, wadda ta daɗe tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Hajiya, ina wuni?

Hajiya Balaraba: Lafiya lau, Nura. Ya sanyi?

Nura: Lokacinsa ne. Abin da ya haɗa mu yau, wani abokina da ke Amurka ya shiga kwalejin fasaha a jihar Wisconsin, kwas na shekara 2, wai karatun tsufa. Jerontoloji suke ce masa.

Malam Lawal: Tsaya, tsaya. Tsufa ma sai an je makaranta? Kakata ta haura shekara 90 a Daura, ba ta taɓa ganin mai difloma a ɗakinta ba. Mu Hausawa ba ma kai iyayenmu gidan ajiye tsofaffi. Wannan karatun na waɗanda suka yar da iyayensu ne.

Hajiya Balaraba: Malam, wa ya yi jinyar kakar taka?

Malam Lawal: Gida mana.

Hajiya Balaraba: Gida ba ya da hannu. Wa ke kai ta bayi, wa ke wanke mata zani?

Malam Lawal: To... matar kawuna ce, da wata ƙanwarmu.

Hajiya Balaraba: Yauwa. Maza ke alfahari da riƙon tsofaffi a zaure, mata ke ɗaukar fo a cikin gida. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da matar kawunka ya koya mata yadda ake ɗaga mutum daga tabarma ba tare da ta karya ƙugunta ba.

Nura: Abokin nawa ya ce ba likitanci suke koyo ba. Likitancin tsofaffi fanni ne daban, shi ne ake yi a cibiyar tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012. Su kuwa ana koya musu yadda jiki ke sauyawa, halin tunanin tsoho, zamansa da iyali, har da maganar mutuwa da makoki, sannan a tura su aikin gwaji. Sunan Jerontolojin ma ya daɗe, wani masanin kimiyya ɗan Rasha, Metchnikoff, ya raɗa shi tun 1903.

Malam Lawal: To me za su gaya mini wanda ban gani da idona ba?

Hajiya Balaraba: Bari in gwada ka. Tsoho yana lafiya ƙalau jiya, yau ya tashi bai gane 'ya'yansa ba, yana sambatu, yana fizge mayafi. Me za ka ce?

Malam Lawal: Gigin tsufa ya zo. Sai addu'a.

Hajiya Balaraba: Addu'a kullum da ita. Amma gigin tsufa na gaskiya ba ya zuwa dare ɗaya, a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. In ruɗewa ta faɗo kwatsam, sau da yawa wani ciwo ne a ƙasa: ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko sukari ya faɗi, ko rashin ruwa a jiki. Tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai ko yi zafi ba. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka kawo bayan kwana huɗu ana ta yi masa hayaƙi. Ƙarin ruwa muka yi masa, muka ba shi maganin ciwon fitsari, kwana uku ya tashi yana tambayar rediyonsa.

Nura: Rashin ruwa kuma, Hajiya, ga randa a ƙofar ɗaki?

Hajiya Balaraba: Jin ƙishirwa na raguwa da shekaru. Ga shi da yawa suna ƙin sha da gangan don kada su dami mutane da zuwa bayi, ko don alwalarsu ta daɗe. A zafin watan Afrilu na Katsina wannan kaɗai ya isa ya kwantar da mutum.

Malam Lawal: Wannan kam na yarda. Amma ita mantuwar da ke zuwa a hankali, ai Alƙur'ani ma ya ambace ta. A Suratun Nahli, aya ta 70, an ce akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani.

Hajiya Balaraba: Haka ne. Wani likitan Jamus, Alzheimer, ya bayyana irinta mafi yawa a 1906, ita ce cutar da ke ɗauke da sunansa. Ba kowane tsoho ke yin ta ba, ciwon ƙwaƙwalwa ce. Abin da ke ƙona mini rai, tsohuwa ta fita da dare ta rasa hanyar gida, ko ta ce an sace mata kuɗi alhali ita ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, sai a ce fitina ce, a wasu wuraren har a jefe ta da maita. Wanda ya yi karatun ya san ba a gardama da ita. In ta ce za ta je gidan babanta da ya rasu shekara 50, kada ka ce mata ya mutu, don za ta yi kukan mutuwarsa sabo fil. Ka ce, Inna, ba ni labarin gidan.

Malam Lawal: Kai. Mu kuwa musu muke ta yi da tamu, muna ganin gyara mata muke yi.

Nura: Malam ya yi shiru, masu sauraro, abin da ba a saba gani ba.

Malam Lawal: Ina tuna abubuwa ne. Ta kwanta wata bakwai kafin ta cika, bayanta duk ya yi gyambo.

Hajiya Balaraba: Allah ya jiƙanta. Wannan gyambon kwanciya ne. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ana juya shi kusan duk awa 2, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a duba dunduniya da ƙugu. Ba ya cin ko kwabo, sani kawai yake so. Haka faɗuwa. Tsohuwa ta zame a bayi ƙashin ƙugu ya karye, da yawa daga nan ba su ƙara miƙewa. Ƙarfen dafawa a bango, kujera mai rami a kan masai, fitila a hanya da dare, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Kuma a daina yi musu ihu a kunne. Siririyar murya ce ke fara ɓace musu, don haka ka fuskance shi, ka kaurara murya, ka yi magana a hankali.

Nura: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Nan gida an yi dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021. To Malam, kai da ka san harkar makarantu, ina irin wannan karatu zai zauna a wurinmu?

Malam Lawal: In za a yi, kada a kai shi inda sai mai digiri. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman nan Katsina, ga ta tarayya a Daura, ga makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura. A yi gajeren kwas, da Hausa, da yamma, yadda matar aure za ta iya zuwa. Amma ina da ja guda ɗaya: wa zai biya wanda ya gama? Bahaushe zai ji kunya a ce ya ɗauko baƙo ya yi wa uwarsa wanka.

Hajiya Balaraba: Ai yana ɗaukowa, Malam. 'Yar aiki 'yar shekara 13 yake ɗaukowa daga ƙauye, ya tafi Abuja ya bar ta da tsohuwa da ledar magunguna kala shida.

Malam Lawal: Nura, ka ga yau Hajiya ba ta bar mini ko kusurwa ba.

Nura: Ga shi an fara kiran magariba. Mako mai zuwa za mu ɗora daga kan ledar magungunan nan, da maganar azumin tsoho mai ciwon sukari. Hajiya, za ki dawo?

Hajiya Balaraba: In Allah ya kai mu. Amma ku samo mini kujera mai hannu, wannan bencin naku tashi daga kansa aiki ne.