Wanne ya fi sauƙi? Tambayar Kafarnahum da ta tayar da gardama a Aboabo

[Hoto: kasuwar Kejetia a Kumasi da sassafe, motocin haya na trotro na lodi, masu dako na kutsawa cikin jama'a]

Tun makon jiya wani ɗan bidiyo yake yawo a wayoyin mutanen Kumasi. Bai kai minti guda ba. Ga mai wa'azi, ga wani mutum da sandunan guragu, sai ihu, sai sanduna a ƙasa. A ƙarshe aka liƙa rubutu: wanda ya warkar, shi ne mai iko. Daga unguwar Aboabo har Asawase gardama ta kaure. Wasu na cewa ai da haka Yesu ya nuna shi Allah ne. Wasu na cewa to in haka ne, duk wanda ya taɓa warkar da mutum ya zama Allah ke nan?

Maƙwabcina tela, musulmi ne, ya tare ni a bakin shagonsa. "Osofo," wato fasto da harshen Twi, haka yake kirana don tsokana, alhali ni ko mimbari ban taɓa hawa ba, "mu ma mun yarda Annabi Isa ya warkar da makaho da kuturu. Yana nan a Ali Imrana, aya ta 49, da izinin Allah. To gardamar me kuke yi?" Na ce masa, "Malam, tambayarka ta fi bidiyon nan hankali."

Mai wa'azin bidiyon ba shi ne zancenmu ba. Littafi za mu buɗe.

[Hoto: hannu na buɗe Littafi Mai Tsarki, shafuka na wucewa da sauri]

Mu fara kawar da abu ɗaya. A Littafi Mai Tsarki warkarwa kaɗai ba ta mai da kowa Allah. Annabi Iliya ya ta da ɗan gwauruwa daga mutuwa a Zarefat. Elisha ya aiki Na'aman kuturu ya nutsa a Kogin Urdun sau bakwai, fatarsa ta koma kamar ta yaro. Bitrus, almajirin Yesu, ya ta da gurgu a ƙofar Haikali, mutane suka zuba masa ido, ya ce me kuke kallonmu, kamar da ƙarfinmu muka yi? A Matiyu 7 ma Yesu ya ce wasu za su zo ranar shari'a suna cewa mun yi mu'ujizai da sunanka, shi kuwa ya ce bai taɓa saninsu ba. Rubutun da aka liƙa a bidiyon nan tun a nan ya faɗi.

To mene ne Kiristoci suke gani dabam game da Yesu? Mu je Markus sura 2.

[Hoto: taswira, Tekun Galili, kibiya na nuna gaɓar arewa maso yamma, sai kangayen baƙin dutse]

Kafarnahum ke nan, garin masunta. Waɗannan katangun na baƙin dutse su ne gidajen wancan zamani. Tun 1968 wasu limaman Katolika masu tonon kayan tarihi suka tono wani gida a ƙarƙashin tsohuwar coci mai kusurwa takwas, wanda da yawa ke ɗauka gidan Bitrus ne. Rufin irin waɗannan gidaje ba kwano ba ne kamar namu na Zongo. Wanda ya taɓa zuwa arewa ya san soro: a jera itace, a shimfiɗa ƙirare, a yaɓe da laka. Matakala kuma tana waje.

Yesu na cikin wani gida yana wa'azi, gidan ya cika har ƙofa. Mutum huɗu suka zo ɗauke da shanyayye a tabarma, ba hanya. Suka hau sama, suka fasa rufin, suka zura shi gaban Yesu. Ku yi tunanin mai gida yana kallon ƙasa na zuba a kan baƙinsa. Da a Kumasi ne, kafin la'asar an kai ƙara gaban sarkin Zongo.

[Hoto: zane, mutum na saukowa ta rami a rufi, haske na shigowa. A tsaya a kansa]

Kowa ya san abin da ya kawo su. Ƙafa ce. Sai Yesu ya dubi mutumin ya ce, "Ɗana, an gafarta maka zunubanka."

Ba wanda ya roƙi wannan. Ni dai da ina cikin huɗun nan, bayan na sha dako na fasa soron mutane, da na ce, ranka ya daɗe, ƙafar fa?

A gefe kuma ga malaman Attaura zaune, suna cewa a zuci: wannan saɓo ne, wa ke gafarta zunubi in ba Allah kaɗai ba? A wa'azi mun saba mai da su abin dariya. Ni ban ga wautarsu ba. Sun san Ishaya 43:25, inda Allah ya ce shi ne, shi da kansa, mai shafe laifofi. Sun san gafara tana da hanyarta: Haikali a Urushalima, hadaya, firist, Ranar Kafara sau ɗaya a shekara. Sun kuma san Littafin Firistoci 24:16, hukuncin saɓo jifa ne har lahira.

[Hoto: rumfar mai goro, littafin bashi a buɗe]

A ce Hajiya mai goro tana binka sidi 500. Ni, da ba uwa ba riba a cinikinku, in zo wucewa in dafa kafaɗarka in ce, "Ɗan'uwa, an yafe maka bashin nan." Me Hajiya za ta ce? Kai a wa? Mai bin bashi shi ke yafewa. Zunubi kuwa Allah aka yi wa. Abin da ya ta da hankalin malaman ke nan.

Sai Yesu ya jefa musu tambayar da kusan kowa ke karantawa a baibai. Wanne ya fi sauƙi, a ce wa shanyayye an gafarta maka zunubanka, ko a ce tashi, ɗauki tabarmarka, ka yi tafiya?

[Rubutu a allo: A CE]

Ku lura da waɗannan ƙananan kalmomi biyu. Bai tambaya wanne ya fi sauƙin yi ba. Wanne ya fi sauƙin faɗa?

Mun saba amsawa da cewa gafara ce ƙarama, warkarwa ce babba, shi ya sa ya ajiye ta a ƙarshe. Ba haka zancen yake ba. Ga malaman nan gafara ita ce babbar, tunda annabawa sun warkar amma gafara ta Allah ce. Sai dai wajen faɗa, ita ce mai arha. Fatar baki ce kawai. Wa zai leƙa sama ya duba ko an shafe? Amma ka ce wa shanyayye tashi a gaban jama'a, nan take za a san ko kai wane ne. Ko ya tashi, ko ka sha kunya.

[Hoto: waya a hannun mai kiosk ɗin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ana jiran saƙo]

Kun san mutumin da ke cewa, "Wallahi na tura kuɗin"? Faɗar ba wuya. Sai wayarka ta yi ƙara ka ga saƙo ya shigo, sannan ka yarda. Saƙon ba shi ne kuɗin ba, shaida ce cewa kuɗin da idonka bai gani ba sun shiga. Haka Markus ya jera labarin. Aya ta 10: domin ku sani Ɗan Mutum yana da ikon gafarta zunubi a duniya, sai ya juya ga shanyayyen ya ce, ina ce maka, tashi. Ƙafar da ta miƙe ita ce saƙon. Abin da take shaida shi ne maganar farko, wadda ba a gani.

[Hoton zanen nan dai. Ba wani sabo, sai ku yi haƙuri da shi]

Markus da Helenanci ya rubuta, kuma akwai kalmomi biyu da mu a Hausa mukan haɗa a cikin "iko". Ɗaya dunamis, wato ƙarfin aikatawa. Ɗaya eksusiya, wato hurumi, haƙƙin yin abu. Ƙato mai tura kaya a kasuwa yana da ƙarfin ɓalle ƙofar shago. Tsohuwa mai shagon, da mabuɗi a gefen zani, ita ke da ikon buɗewa. A aya ta 10, ta biyun ce.

Da na kai nan Malam ya ajiye almakashi. "Tsaya, Osofo. Cewa ya yi an gafarta, bai ce na gafarta ba." Gaskiyarsa. Annabi Natan ma ya taɓa gaya wa Dawuda Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba wanda ya ce ya yi saɓo. Matiyu 9:8 kuma ya ce taron ya ɗaukaka Allah da ya ba mutane iko irin wannan. Amma Natan bai taɓa cewa ikon gafara na hannunsa ba, Yesu kuwa ya faɗa. Sunan da ya kira kansa da shi, Ɗan Mutum, Kiristoci suna haɗa shi da Daniyel 7, inda aka ba wani mai kama da ɗan mutum mulkin da ba ya ƙarewa. Bai kuma ce "in ji Ubangiji" ba kamar yadda annabawa suka saba, "ina ce maka" ya ce. A nan hanyarmu da Malam ta rabu: shi yana ganin manzo da aka ba izini, Kirista yana ganin mai bin bashin ne da kansa ya shigo ɗakin. A kan ko an warke, ba mu da gardama. Ya ɗauki almakashinsa, ya ce in dawo Asabar zai gama wandona.

[Hotuna da sauri: ƙofar asibitin Komfo Anokye, layin marasa lafiya, kwalbar mai a hannu]

Abu biyu a gurguje, don na ga ana jefa su cikin gardamar. Na farko, labarin bai ce zunubi ne ya shanye mutumin ba. A Yahaya 9 almajirai sun tambaya game da wanda aka haifa makaho, laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce wa mahaifiyarka ciwon sukarinta zunubi ne, ta zubar da magani ta sayi mai, tambaye shi a wace aya. Na biyu, addu'a ba ta hana magani: manzo Bulus da kansa ya bar abokin aikinsa Tarofimas da rashin lafiya a Militas, Luka abokin tafiyarsa kuwa likita ne. Asibitin Agogo, mishan ɗin Basel ne ya buɗe shi a 1931, masu addu'a ne suka gina.

[Komawa zanen. Mutumin na fita, tabarma a kafaɗa]

Ya tashi, ya naɗe tabarmar da ta kawo shi, ya ratsa ƙofar da ɗazu ta ƙi shi. Mutane suka ce ba mu taɓa ganin irin wannan ba. Malaman kuwa Markus bai sa ko kalma ɗaya a bakinsu ba. Ku juya shafi ɗaya, sura 3 aya ta 6: bayan Yesu ya warkar da wani mai shanyayyen hannu ranar Asabar, Farisiyawa, wata ƙungiyar addinin Yahudawa, sun fita sun haɗa kai da mutanen sarki Hirudus, suna shawarar yadda za su hallaka shi.