Maganar haraji kafin 31 ga Janairu: jawabina a taron ƴan Kaduna mazauna Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayenmu, malamai, ƴan uwa maza da mata, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi.

Minti goma aka bani, toh bari in tafi kai tsaye. Maganar da na zo da ita ta ambulan ɗin nan ce mai ruwan ƙasa da HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ke turowa, wadda da yawanmu in mun gani sai gaba ya faɗi, a cusa ta a durowa a ce sai an samu natsuwa. Wallahi na shiga gidan wani ƙaninmu kwanakin baya, yaron kirki ɗan Tudun Wada, dare da rana yana kan mota yana kai kaya, ya buɗe min durowar kicin na ƙirga guda bakwai ko ɗaya ba a yage ba. Ya ce Yaya tsoro nake ji. Muka zauna muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta farkon tarar fam 100 ce kacal, da a lokacin ya motsa da shikenan an wuce wurin, amma kafin mu kai ta ƙarshe kuɗin sun haura dubu.

Ga yadda abin yake. Shekarar haraji a ƙasar nan daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Fom ɗin da ake bayyana wa hukuma kuɗin da aka samu a shekara, wato Self Assessment, mai cika na takarda nasa ya wuce tun 31 ga Oktoba, saura na intanet, shi kuma ƙarfe 12 na daren 31 ga Janairu ƙofa take rufewa, kuma ranar ce dai ranar biya. Ka makara ko da kwana ɗaya ne fam 100, ko da ba a binka ko kwabo. Wata uku ya wuce sai a fara fam 10 kullum har kwana 90, kun ga fam 900 kenan. A wata shida a ƙara fam 300 ko kashi 5 cikin 100 na harajin, duk wanda ya fi yawa, a wata goma sha biyu a sake. Ku haɗa da kanku, fam 1,600 a shekara guda saboda fom kawai, ba a ma zo maganar harajin kansa ba. Ku juya shi zuwa naira ku ga buhun shinkafa nawa ne a kasuwar Gumi, ku ga kuɗin makarantar yara nawa ne a Rigasa.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na roƙi Shugaba ya bani lokaci, mutanenmu suna haɗa abu biyu da ba ɗaya bane. Mutum zai ce ai bani da kuɗin biya, me zai sa in cika fom in tona wa kaina asiri. Dan Allah a daina wannan lissafin. Tarar rashin cika fom daban, tarar rashin biya daban. Ka cika fom ɗinka a kan lokaci ko aljihu babu komai, ka tsira daga waccan ta farkon gaba ɗaya. Sannan akwai tsarin biya kaɗan kaɗan duk wata, in abin da ake binka bai wuce fam 30,000 ba kana iya shirya shi da kanka a intanet cikin kwana 60 bayan wa'adi, ba sai ka yi magana da kowa ba. Eh za su ɗora kuɗin ruwa, kuma na san yadda wannan yake mana nauyi a zuciya a matsayinmu na musulmi, toh ai shi ya sa gara a rage kwanakin tun da wuri.

Wani zai ce ni albashi nake ɗauka, ana cirewa kafin ya shigo. Madalla, in shi kaɗai ne galibi babu ruwanka. Amma in bayan ka tashi aiki kana Uber, ko Hajiya tana yin kilishi da dambun nama da cincin tana sayarwa, ko ɗinki ko ƙunshi, in abin da ya shigo a shekara ya haura fam 1,000 toh maganar nan ta shafe ku. Kuma tun 2024 dokar ta sa manhajoji irin su Uber da eBay su riƙa tara bayanan masu samu a kansu suna miƙa wa hukuma, don haka batun ai ba wanda ya sani ya ƙare.

Sai masu gidan haya a gida. Kana zaune a nan amma kana da flat a Barnawa ko Malali ko shago a Kawo, ɗan uwa yana karɓar maka haya. Mazaunin ƙasar nan bisa ƙa'ida har abin da ya samu a waje ana so ya bayyana. Akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya don kar a caje ka sau biyu, saboda haka in ka biya KADIRS, hukumar harajin jihar Kaduna, wani abu ka adana rasit ɗin, kar ka bar shi a hannun yaro. Wannan ɓangaren yana da sarƙaƙiya musamman ga sabbin zuwa, a nemi akanta mai rajista, ba abokin aboki da ya ce ya iya ba.

Ƴan uwa masu jiran takardar zama ta dindindin, ku ne na fi ji wa. An yi shekarun da aka hana mutane da dama takardar nan saboda kuɗin da suka faɗa wa ma'aikatar cikin gida ya saɓa da wanda suka faɗa wa masu haraji. Mutum ya yi shekara biyar yana wahala a zo a tsaya a kan wannan, Allah ya kiyaye.

In kuma ka riga ka makara, ka cika yau ɗin nan, kar ka jira Litinin. In akwai uzuri na gaskiya, rasuwar makusanci dab da wa'adi ko kwanciya asibiti, kana da kwana 30 daga ranar takardar tara ka ɗaukaka ƙara, ka haɗa da shaida. Da yawanmu Disamba da Janairu muke tafiya gida biki, sai dai ku sani zuwa ɗaurin aure ba ya cikin uzurin da ake karɓa.

Wanda bai taɓa yin rajista ba shi ne abin gaggawa, don lambar UTR, wato lambar shaidar mai biyan haraji da ake cika fom da ita, ta gidan waya take zuwa kuma tana iya ɗaukar sati biyu ko fiye, ga watan ya riga ya kama.

Bayan la'asar ni da ƴan uwa biyu za mu zauna a teburin baya can kusa da inda aka ajiye shayi, da kwamfuta. Mata akwai ƴar uwa da za ta zauna da ku a ɗakin gefe. Duk mai ambulan a mota ko a jaka ya ɗauko, ba wanda zai ji sirrin wani. Na gode, wassalamu alaikum.