Ayu da Makomar Ruwan Daɗi a Neja Dalta

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Ruwan Gulbin Rima da ke ratsa Sakkwato yana gangarawa ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kogin Kwara, wanda shi kuma yake rarrabuwa zuwa rassa masu yawa a yankin Neja Dalta kafin ya shiga Tekun Atlantika. Tun kafin a isa inda ruwan gishiri yake tasowa, akwai faffaɗan kurmi mai dausayi na ruwan daɗi, inda kifaye suke zuba ƙwai idan ambaliya ta zo, kuma a can ne kada da kunkurun ruwa da ayu suke samun mafaka.

Wannan kurmi yana cikin mawuyacin hali. Tun da aka gano ɗanyen mai a garin Oloibiri da ke wannan yanki a shekarar 1956, malalarsa take gurɓata rafuka da gonaki, har binciken da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya nuna cewa tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai, wadda wani ɓangare ce na Neja Dalta, na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ga kuma saran itatuwa da kamun kifi da guba, waɗanda suke kashe manya da ƙanana baki ɗaya.

Daga cikin halittun wannan kurmi, ayu ne ya fi tayar mana da hankali, domin muna da hannu a ƙarewarsa. Dabba ce mai shayarwa, marar cutarwa, wadda tsirran ruwa ne akasarin abincinta, kuma macen takan ɗauki ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tal, sannan ta daɗe kafin ta sake haihuwa. Saboda haka duk ayun da aka soke da mashi, ko ya maƙale a taru ya mutu, giɓinsa ba ya cikewa da wuri. Amma duk da haka ana tallar man ayu a fili a kasuwanninmu na Arewa da shafukan intanet, ana cewa magani ne ko kayan mata, kuma ko na gaske ne ko jabu, cinikin da ake yi shi ne yake ƙara wa mafarauci ƙwarin gwiwa.

Doka ba ta yi shiru ba. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, kuma a 2013 aka sanya ayun Afirka cikin jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Aiwatarwa ce ta yi rauni. Muna kira ga jami'an gandun daji su riƙa shiga kasuwanni suna bincike, sarakunan ruwa su tsawata wa masuntan da ke ƙarƙashinsu, malamai kuma su faɗakar da iyalai a wuraren wa'azi cewa su daina sayen man ayu.