Sharhi: Kafin a tura ɗalibi gidajen jama'a, a fara koya masa tambaya

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau ya waiwayi wani tsari ne da jami'o'i da dama suka runguma, wato fitar da ɗaliban da ke karatun kimiyyar abinci, da na aikin jinya, da na kiwon lafiyar al'umma, daga cikin aji zuwa unguwanni da ƙauyuka, domin su wayar da kan jama'a, su kuma ba su shawara a kan abinci mai gina jiki. Tsari ne mai kyau, kuma ina goyon bayansa har zuciya. Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne irin horon da ake bai wa ɗalibin kafin ya yi sallama a ƙofar gidan mutane.

Buƙatar kam ba ta ɓuya. Alƙaluman da Asusun UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar game da shekarar 2022 sun nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 148 ne suka tsumbure, wasu miliyan 45 suka ƙanjame, sannan miliyan 37 ke fama da ƙibar da ta wuce ƙima. Kusan rabin yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara 5, akwai hannun tamowa a mutuwarsu. Mafi yawan abin da ke kai yaro ga wannan hali kuwa a cikin gida yake faruwa, a bakin murhu, a lokacin shayarwa da lokacin yaye, inda likita ba ya nan. Babu ƙasar da ke da likitocin da za su zaga kowane gida. Ɗalibai kuwa ga yawa, ga ƙuruciya, ga ɗokin gwada abin da suka karanta.

Ilimin littafi ba shi ne inda gizo ke saƙar ba. Ɗalibin da ya kai aji uku ya san cewa ana so a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa, a ba shi nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara ba shi ƙarin abinci tare da ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Ya san kwanaki 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, su ne tubalin girman jiki da na ƙwaƙwalwa. Ya san kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, ya san shan shayi a kan abinci na rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe. Duk wannan zai rubuta a jarrabawa ya ci.

To sai a ba shi babbar takarda mai hotunan nama da kifi da ƙwai da 'ya'yan itatuwa, a tara masa iyaye mata a ƙarƙashin rumfa, ya yi minti 40 yana jawabi. Matan su gyaɗa kai, su yi godiya, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Washegari tukunyar da aka ɗora jiya ita za a sake ɗorawa. Ba taurin kai ne ya jawo haka ba. Wata ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba. Wata tun asuba take fita neman na kai, yaron yana hannun yayarsa 'yar shekara 9. Wata kuma akwai babba a gidan da maganarsa ce ke yanke abin da jariri zai sha. Ɗalibin bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin bai tambaya ba, kuma bai tambaya ba ne saboda ba a koya masa cewa tambaya ita ce rabin aikinsa ba.

Tarihin wannan fanni da kansa ya ishe mu darasi. A shekarar 1929 wata likitar yara haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta fara aiki a ƙasar da a yau ake kira Gana. Ta riƙa ganin yara masu kumburin jiki, gashinsu ya sauya launi, fatarsu tana saɓulewa, yayin da wasu manyan likitoci na lokacin ke cewa wata cuta ce da aka riga aka sani. Ita kuwa sai ta saurari mutanen wurin, ta ji sunan da suke kiran ciwon da shi a harshen Ga, wato kwashiyoko, ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi daga nono. Bayanin cutar yana ƙunshe a cikin sunan: an yaye yaro, an bar shi da abincin masara zalla. Ta rubuta bayanin ciwon a 1933, ta shigar da sunan cikin rubutun likitanci a 1935, kuma da shi duniya ke amfani har yau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Misali na biyu ya fi kusa da aikin ɗalibanmu. A shekarar 1990 ƙungiyar Save the Children ta tura Jerry Sternin da matarsa Monique zuwa Biyetnam, inda hukumomi suka ba su wata 6 kacal su nuna sakamako a kan tamowar yara. Ba su da kuɗin raba abinci. Sai suka haɗa kai da matan ƙauyukan, aka auna yara, sannan aka yi wata tambaya mai sauƙi: a cikin gidajen da suka fi kowa talauci, akwai waɗanda 'ya'yansu ke cikin ƙoshin lafiya? Aka tarar akwai. Da aka je aka zauna da su, sai aka ga iyayen suna tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a gonakin shinkafa, suna haɗawa da ganyen dankalin Hausa a cikin abincin yara. Abubuwa ne da ke gaban kowa kyauta, amma yawancin mutane na ganin ba su dace da yaro ba. Suna kuma ciyar da yaran kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a yini maimakon sau 2, suna wanke hannu, ba sa daina ba yaro abinci don yana zawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da aka yi da wannan sani. Ba a tara jama'a an karanta musu shi ba. An shirya zaman girki na mako 2 a gidajen maƙwabta, kuma kowace uwa sai ta zo da ɗan jatan landenta da ganyenta a hannu kafin ta shiga. Ta dafa da kanta, ta ciyar da ɗanta da kanta, ta ga sikeli yana hawa da idonta. Gani ya kori ji.

Wannan shi ne irin aikin da ya kamata jami'a ta horar da ɗalibinta a kai, kuma abu ne da ake koyarwa kamar yadda ake koyar da awon jini. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe da tsara darussan ba da shawara kan ciyar da jarirai, kuma ginshiƙinsu biyu ne: saurare da fahimta, sai ƙarfafa gwiwa da tallafawa. A ƙarƙashinsu ake koya wa mutum ya zauna daidai da wadda yake magana da ita, kada ya tsaya a kanta. Ake koya masa bambancin tambayar da amsarta e ko a'a ce, da wadda ke buɗe baki. Idan ɗalibi ya ce, "Mama, kina dai ba shi abinci mai kyau ko?" amsar da zai samu ita ce e, kuma bai ƙaru da komai ba. Idan kuwa ya ce, "Mama, don Allah faɗa mini, tun daga tashinsa jiya da safe har ya yi barci, me da me ya shiga bakinsa?" to a nan zai ji sau nawa yaron ya ci, wa ya ba shi, da kwanonsa ya ci ko da na yayyensa, abincin mai kauri ne ko tsululu. Daga nan sai ya fara da yaba abin da take yi daidai, domin babu uwar da ba ta yin wani abu daidai. Sannan ya kawo shawara ɗaya ko biyu, daga abin da gidan ke iya samu, ya nemi jin ko za ta iya gwadawa. Kafin ya tashi ya roƙe ta ta maimaita masa yadda za ta yi, don ya tabbatar bakinsa ya isar da abin da yake nufi.

Ba a iya wannan da karatu kawai. Sai an yi ta gwaji a cikin aji, wani ya zama uwa, wani ya zama kaka, wani ya zama maigida, malami yana kallo yana gyarawa. Na ambaci kaka da maigida da gangan. Ɗalibin da ya shawo kan uwa ya bar su a baya ya ɗora mata rigima ne a cikin gidanta. A koya masa yadda zai gaida dattijuwa, ya nemi jin yadda ta reni nata 'ya'yan, ya jawo ta cikin maganar da girmamawa.

Sai batun yadda ake auna aikin, wanda a ganina nan ne jami'o'i suka fi sakaci. Yawanci abin da ake nema daga ɗalibi shi ne rahoto: ya yi jawabi sau kaza, mutum kaza suka halarta. A Bangaladesh, tsakanin 1980 da 1990, ƙungiyar BRAC ta tura mata gida-gida suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari don ceton yaro mai zawo, kuma sun shiga miliyoyin gidaje. Ba a kan yawan gidajen da suka shiga kaɗai ake biyansu ba. Bayan wani lokaci sai masu bibiya su koma wasu daga cikin gidajen, su tambayi uwa abin da ta riƙe, su sa ta haɗa ruwan a gabansu, kuma abin da ta iya shi ke ƙayyade ladan wadda ta koyar da ita. Da jami'a za ta ɗora makin ɗalibi a kan irin wannan ma'auni, da salon maganarsa ya sauya tun daga ziyarar farko.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi wasa da shi ba, wato ɗalibi ya san iyakarsa. Dole ya ƙware wajen amfani da zaren awon damtse mai launi uku: yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da awonsa ya gaza santimita 11.5, yana cikin ja ke nan, tamowa ce mai tsanani. Dole ya iya danna bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa 3 ya ga ko wurin ya loɓa. Idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko yaron ya ƙi cin komai, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya saki, to lokacin shawara ya wuce, asibiti za a nufa a ranar. Saboda haka kafin a fitar da ɗalibai, malamansu su tabbatar da inda za a riƙa tura irin waɗannan yara, kuma ma'aikatan wurin su san da zuwansu. Zalunci ne a gaya wa uwa ɗanta na cikin haɗari, sannan a hau mota a bar ta ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Abincin nan na musamman da ake yi da gyaɗa da madara, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, shi ya ba da damar jinyar yawancin yara masu tamowa mai tsanani a gida, amma magani ne, ɗalibi ya iya bayyana wa iyali dalilin da ya sa ba a raba shi da sauran yaran gida. Haka idan ya haɗu da dattijo mai ciwon sukari ko hawan jini, zai iya taimaka masa wajen tsara abincinsa, amma ba huruminsa ba ne ya ce masa ya rage magani ko ya daina.

Amana ma darasi ce da za a saka a manhaja. Tun 1981 duniya ta amince da ƙa'idar da ta hana amfani da ma'aikatan lafiya wajen tallar madarar gwangwani ta jarirai ko raba ta kyauta ga iyaye don jawo ciniki, kuma ɗalibin da ke sanye da rigar jami'a ya shiga cikin wannan hani. Sannan ga wayar hannu. Yaron da ya rame ɗan wasu ne, yana da mutunci, ba a ɗaukar hotonsa a watsa a Facebook don a nuna an yi aiki. Abin da aka gani a cikin gidan mutane a can yake tsayawa.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne yankewar zumunci. Zangon karatu wata 3 ne ko 4, tsumburewar yaro kuwa ba ta san hutun makaranta ba. Sau da yawa rukuni ɗaya zai zo ya saba da mutane, ya tafi, baɗi wani sabon rukuni ya zo ya sake yin tambayoyin da aka riga aka amsa, har jama'a su gaji su fara rufe ƙofa. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Jami'a ta zaɓi unguwanni kaɗan ta riƙe su shekara da shekaru. Kowane ɗalibi a haɗa shi da ma'aikaciyar lafiyar da ke zaune a wurin, wadda ta riga shi sanin gidajen kuma za ta ci gaba da zama bayan tafiyarsa, a kuma sa shi ya ɗauke ta a matsayin malamarsa. A ajiye littafi guda na kowace unguwa, mai ɗauke da awon kowane yaro da shawarar da aka yi da iyayensa, rukunin da zai tafi ya miƙa wa mai shigowa hannu da hannu, kwafinsa kuma ya zauna a asibitin unguwar.

Masu sauraro, nan za mu dakata a sharhin namu na yau. Sai Allah ya sake haɗa mu, a huta lafiya.